Raga Ɗaya, Tanki Biyu

Litinin, bayan la'asar

Baba yana asibiti tun makon jiya. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta taɓa hannun dama da ƙafa da baki. Likita ya ce mai sauƙi ce. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na sha gaya wa dangin marasa lafiya wannan kalmar, amma ranar da aka gaya mini ita sai da na ji kamar in shaƙe mai faɗarta.

Na ɗauki hutu na dawo gidansa da zama saboda kifayen. Yaya ya ce shi kam a cire shi. "Auta, ke da kifin nan ai ku ne 'yan gaban goshi, sai ku ji da junanku. Ni zirga-zirgar asibiti ta ishe ni."

Tankin falo ya cinye rabin bango. Ruwan gishiri ne irin na teku, cike da duwatsu da murjani mai rai, wanda in ka kuskura ka kira shi fure Baba zai zaunar da kai ya yi ta bayani har shayinka ya huce. A ciki akwai Malama, 'yar kifanya ruwan lemo mai ratsin fari. Bayan rasuwar Mama ya sayo ta, ya sa mata sunan da 'yan makaranta suke kiran Mama da shi, don duk sanda ya sa hannu a ruwan sai ta cije shi. Ya ce gida ba ya daɗi in babu mai yi masa faɗa. Akwai mijinta da ba a damu da raɗa masa suna ba, akwai Rawaya, akwai Mai Gadi da yake wuni a bakin raminsa yana hararar kowa.

Sai ƙaramin tanki a sito, can bayan gida, ba dutse ba yashi, sai guntayen bututun roba na ɓuya. Baƙo ne a ciki, shuɗi shar, wanda Baba ya sayo gab da zai faɗi. Dokar gidan nan, kowane sabon kifi sai ya yi zaman sito na makonni, a ga ko ya zo da cuta, kafin a kai shi falo. Mun sha yi wa Baba dariya a kan haka. Yaya yakan ce ranar da ya kawo matarsa gaisuwa ma saura ƙiris a fara wucewa da ita sito.

Talata, wajen sha ɗaya na safe

Na gyara sito. Allah ya gani, tun rasuwar Mama tsintsiya ba ta shiga ɗakin nan da gaske ba.

Na fara da ɗauke tiyon da ke yashe a falo, daidai inda Baba ya faɗi yana canjin ruwa. Ba wanda ya iya taɓa shi. Da na kai shi sito sai na ga ashe komai na Baba bibbiyu ne: raga biyu ta kamun kifi, bokiti biyu, tiyo biyu, soso biyu, har kofin awo. Kashi ɗaya a ƙugiyar dama, kashi ɗaya a ta hagu, kuma na hagun duk an naɗe musu jan salatif da ya tsufa ya yi baƙi yana danƙo. Tsufa ke nan, mutum ya yi ta tara tarkace. Na ɓare salatif ɗin tas, na ɗauraye komai, na zubar da ragar da ta fara yagewa da tiyon da ya tsage, na haɗa sauran a bokiti guda. Yanzu har iska tana ratsa ɗakin.

Na tsame ragowar abincin Baƙo da ragar, na wuce falo na tsame na su Malama. Nan da nan na gama abin da Baba yake shafe safiya yana yi. Ina ɗokin ganin fuskarsa ranar da ya dawo.

Alhamis, da yamma

Baba ya yi magana. Bakin ya karkace, sai da ya yi ta kokawa da harshe, amma ta fito. Ba sunana ya kira ba, ba na Yaya ba.

"Malama?"

Na ce, "Tana nan lafiya lau, jiya ma ta cije ni."

Ya yi dariya da rabin fuska. Yaya ya ce, "Kin gani ko? Da ni ne na ɓata, sai an yi sati kafin a tambaya." Na dawo gida da murna, har waƙa na yi a mota.

Asabar, da hantsi

Baƙo yana goga jikinsa da bututu. Da na haska shi da waya sai na ga ɗigo-ɗigo farare a fiffikensa da wutsiya, kamar an barbaɗa masa gishiri.

Na je wajen mai shagon kifi da Baba yake hulɗa da shi. Ya kalli hoton, ko a jikinsa.

"Anti, ai amfanin sito ke nan. Cutar farin ɗigo ce. Ga magani, na jan ƙarfe ne, a ƙaramin tanki kawai za ki sa, don in ya taɓa murjani kashe shi yake. Na falo kuwa ki kwantar da hankalinki, tsoho ba ya haɗa kaya. Dabarar jan salatif ɗin nan a wajensa na koya. Jiƙaƙƙiyar raga kaɗai ta isa ta kai cutar, shi ya sa ko kofi ba ya yarda ya ƙetara."

Na ce, "Haka ne."

Ya ce in gaida tsoho. Na ce zai ji.

Na daɗe a mota ban tayar ba. Wani ya yi ta danna mini oda yana son wurin, na ƙyale shi.

Asabar ɗin dai, bayan azahar

A wurin aiki ɗalibai suna kirana Anti Wanke-Hannu, sun zaci ban sani ba. Na taɓa sa wata kuka don ta fito daga ɗakin killace marasa lafiya ta taɓa ƙofar wani ɗakin ba ta cire safar hannu ba. Na ce mata wanda bai san wannan ba ya koma gida ya sayar da kayan miya. Ban san me ya tuno mini da yarinyar nan yau ba.

Lahadi, da safe

Na falo lafiyarsu ƙalau. Na duba.

Lahadi, da la'asar

Lafiyarsu ƙalau.

Litinin, da rana

Na sayo sabuwar raga, ta falo kaɗai, na rataye ta a kicin. Na sayo jan salatif kuma. Mai kantin ya tambaye ni ko wayar wuta zan naɗe, na ce e. Yana cikin jakata, ban ɓare ledarsa ba.

Ba lalle ba ne abin ya kama. Ba kowa ke shiga ɗakin mai mura ya fito da mura ba.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Rawaya ta goga gefenta da dutse. Wataƙila ƙaiƙayi ne kawai. Kifi ma ai yana jin ƙaiƙayi.

Laraba, da yamma

Ta sake. Mai Gadi bai fito cin abinci ba.

Juma'a, bayan magariba

An sallamo Baba.

Na share gida, na canza zanen gado, na dafa abin da yake so. Ya shigo da sandar nan mai ƙafa huɗu, Yaya na riƙe da shi, ko kallon ɗakinsa bai yi ba ya nufi kujerarsa ta gaban tanki. Ya zauna, Malama ta taso ta tsaya saitin fuskarsa kamar yadda ta saba. Na ga idonsa ya ciko. Sai kuma na ga idon ya bar ta ya bi Rawaya, ya tsaya a kanta.

Abin da na yi kwanaki ina cewa wataƙila, shi kallo ɗaya ya yi masa.

"Baƙo?" ya ce.

Na ce ya fitar da ɗigo, ina ba shi magani a sito. Ya gyaɗa kai, ya nuna Rawaya da hannun hagu, ya buɗe tafin hannun, wato ta yaya.

Yaya ne ya amsa, kuma da kyakkyawar niyya. "Baba, ranar da ka faɗi ai canjin ruwa kake yi. A nan na same ka, tiyo a hannunka. Likita ya ce tun da safe abin ya fara taɓa ka ba ka sani ba. Kar ka sa wa ranka damuwa, ciwo ne."

Baba ba ya tuna komai na wannan ranar. Ya kalli ƙasa, sannan ya ce, "Wane… tiyo?"

"Ina zan sani, Baba? Tiyo dai."

Sai ya juyo gare ni. "Ke kika… ɗauke. Da ja… a jiki?"

Ni na ɗauke shi, da hannuna na nannaɗe shi na kai sito. Har yanzu ina ganinsa a idona.

Na ce, "Ban lura ba, Baba."

Ya ce, "Ni ne." Bai ci abincin ba.

Asabar, da safe

Mai Gadi ya mutu. Na same shi a bakin raminsa, a kwance ta gefe. Na so in tsame shi kafin Baba ya fito, sai na ji ƙarar sandar a bayana. Ya kalli tankin, ya juya ya koma ɗaki.

Lahadi, da yamma

Mai shago ya ce babu wata hanya, sai an kwashe kifin falo duka an kai sito an yi musu magani, a bar babban tanki ba kifi ko ɗaya wata biyu da wani abu, har cutar ta mutu da yunwa. Ya aro mana wani tankin muka ajiye kusa da na Baƙo.

Kama kifi a cikin duwatsu ba wasa ba ne. Sai da muka tsame duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ni da Yaya, muna jera su a bahon wanka. Ginin da Baba ya yi shekaru yana yi, kowane murjani da inda yake son haske, muka rushe shi kafin la'asar. Yaya ya jiƙe har wuya yana ta mita.

"Ni da ko kifin miya ba na ci, yau ga ni ina bin na ado da raga. Auta, tare can! Ke, ta can na ce!"

Malama ce ta ƙarshe. Ta shige ƙarƙashin dutsen da ya rage, da na sa hannu ta cije ni, amma cizon ba ƙarfi. Akwai ɗigo uku a goshinta.

Duk wannan abin Baba yana falo, amma ya sa an juya masa kujera tana kallon taga.

Sito yana da matattakala masu tsayi, ba zai iya sauka ba sai an ɗauke shi. Na tambaye shi ko yana so a kai shi ya ga inda muka sa su, ya girgiza kai. Na ji sanyi a raina da ya ƙi. Sai da na rubuta wannan na ga muninsa, amma ba zan goge ba.

Talata, da hantsi

Mai gashin jiki ya zo, wanda asibiti suka haɗa mu da shi don motsa hannun. A asibiti Baba har gasa yake da na gadon kusa da shi wajen matsa ƙwallon roba. Yau an sa masa ƙwallon a hannu ya bar ta ta gangara ƙasa.

"Baba, a daure mana. Hannun nan zai dawo, na ga waɗanda suka fi wannan."

Baba ya ɗaga hannun hagu ya taɓa goshinsa. "Nan ne… ya tafi."

Mutumin ya kalle ni, wai in sa baki tunda aikina ne. Na ce bari in duba abin da na ɗora a wuta. Ban ɗora komai ba.

Laraba

Rawaya ma ta mutu.

Alhamis, bayan azahar

Yanzu komai sai ya tambaye ni. Ya sha maganinsa? Ya rufe famfo? Ɗazu ya idar da salla a zaune, ya kira ni ya ce raka'a nawa ya yi. Mutumin da yake tuna ranar da kowane kifi ya shigo gidan nan, da abin da ya fara ci.

Na ce, "Daidai ka yi, Baba, ina kallonka."

Ya ce, "Ki riƙa… kallona."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kar ya ji.

Juma'a, da safe

Baƙo ya warke sumul, yana ta yawo yana neman abinci, ko kunya babu. Ina tsaye ina hararsa kamar shi ya yi mini wani abu. Shi dai an sayo shi, an ajiye shi inda ya kamata, bai ƙetara ko'ina ba.

Malama tana kwance cikin bututu, bakinta yana buɗewa yana rufewa da sauri. Mijinta yana zagaya bututun. Ba ta ci ba tun shekaranjiya.

Salatif yana jaka.

Lahadi, bayan la'asar

Yaya ya zo da matarsa da yara. Ana zaune sai ya fara yabona a gaban kowa, shi da bai taɓa yabona ba tun muna yara.

"Gaskiya Baba, Auta ta yi ƙoƙari. Ta bar aikinta, ta bar gidanta, kullum tana sito da awon magani. Ni da nake tsokanarta, yau na sara mata."

Matarsa ta ce, "Wallahi ta rame ma."

Baba ya miƙo hannun hagu, na durƙusa, ya ɗora shi a kaina. "Da ba… ke ba. Allah… ya yi miki albarka."

Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, a bainar jama'a, ba tare da ƙasa ta tsage ba. Tunda nake ban taɓa jin albarka ta yi mini nauyi a ka ba sai yau.

Talata, da yamma

Baba ya kira Yaya a waya, ya sa ni na riƙe masa ita a kunne, don haka da hannuna aka yi. Ya ce a gaya wa mai shago ya zo ranar Asabar ya kwashe komai, tankuna da murjani da abin da ya rage na kifi. Ya ce a karɓi mukullin motarsa. Ya ce ya yarda zai koma gidan Yaya, a rufe nan.

Shekara da shekaru Yaya yana roƙonsa wannan, Baba kuwa yana cewa sai dai gawarsa ta bar gidan da ya zauna da Mama. Ina jin muryar Yaya ta cikin wayar, shi kansa bai yi murna ba.

"Har Malama, Baba?"

"Kar in… kashe ta."

Laraba, da hantsi

Na ɓare ledar salatif. Na shiga sito na rufo ƙofa, na ɗauki bokiti na fara naɗe masa hannu. In na naɗe rabin kayan na rataye a hagu, ko mai shago ya shigo ranar Asabar ba zai ga komai ba. Kowa zai tafi da abin da ya riga ya sani.

Na naɗa zagaye biyu. Jan ya yi sabo fil, sai ƙyalli yake. Har na fara tunanin in goga masa ƙasa ya yi kama da tsoho.

A nan na tsaya. Na zauna a kan bokitin na daɗe. Ashe har nan zan iya kaiwa.

Na ware shi.

Alhamis

Na shiga ɗakinsa da niyyar faɗa masa gaskiya. Na fito da kwanon da ya ci abinci.

Juma'a, da la'asar

Yana haɗa kayansa da hannu ɗaya. Ya ɗauko hoton Mama daga bango ya kifa shi a kan rigunansa. Ya ce in duba masa ko ya manta wani abu, tunda shi yanzu ba a yarda da shi.

Gobe ne.

Asabar, bayan azahar

Zan rubuta yadda aka yi.

Mai shago ya iso da motar kaya da manyan robobi. Yaya yana nuna masa inda zai tsaya. Na ce su dakata. Na je na tsuguna gaban Baba na ce ya zo mu je sito.

Ya girgiza kai.

Na ce, "Baba, ko sallama ba za ka yi da ita ba? Ko sau ɗaya ban taɓa roƙonka abu ka hana ni ba."

Muka ɗauke shi a kan kujerar roba, ni da Yaya, muka sauka da shi matattakalar. Yaya yana nishi yana cewa wanda ba ya cin abinci bai kamata ya yi wannan nauyin ba. Muka ajiye shi a tsakiyar ɗakin.

Malama ya fara kallo. Ta leƙo daga bututu, ɗigon ya ragu amma ta rame. Ya daɗe a kanta. Ni ina tsaye jikin ƙofa ina jira idonsa ya gama da ita ya zagaya.

Ya zagaya. Ya kalli kantocin da na goge. Ya kalli ƙugiyar dama, ba komai, ya kalli ta hagu, ba komai. Ya kalli bokiti guda da kaya a ciki, tas da su. Na ciro salatif ɗin daga jaka na ɗora masa a cinya.

"Ina… ragata?"

"Na zubar."

"Jan?"

"Na ɓare. Duka. Kana asibiti."

"Raga ɗaya?"

"Raga ɗaya, Baba. Nan da falo. Kwana da kwanaki."

Yaya ya ce, "Me ake cewa ne wai?" Ba wanda ya kula shi.

Baba bai ɗauke ido daga kaina ba. "Tiyon… falo."

"Babu ja a jikinsa. Na lura. Na dama ka ɗauka, wanda ya kamata. Ciwo yana cin ka a ranar, amma ba ka yi kuskure ba. Daidai ka yi."

Na zaci zai yi shiru, don shirun na shirya wa. Ina! Tun ina yarinya rabon da in ji wannan muryar. Kalmomin suna karo da juna, rabi ba sa fita, amma har mai shago ya ji daga waje. Ya ce mini mai wanke-wanken tsiya. Ya ce wa ya aike ni. Ya ce asibitin da ya ɗauke ni aiki a tausaya masa. Yana yi yana nuna ni da yatsa, sai Yaya ya ce, "Baba, hannunka!" Na dama ne. Bai ɗagu sosai ba, yana karkarwa, amma shi ya ɗaga. Baba ya ce wa Yaya ya rufe masa baki.

Sai ya tsaya yana haki. Da ya sake magana a hankali ya yi ta, kuma wannan ce ta fito ba gargada.

"Kifi kuskure ne. Amma kin bar ni ina tambayarki raka'a."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce a sallami mai shago. Yaya ya fita ya ba shi haƙuri, na ji mutumin yana cewa shi dama bai so ba. Da Yaya ya dawo ya kalle ni kamar zai yi magana, sai ya fasa, ya ce in kama kujerar ta can. Wannan ma ya fi zagi ciwo.

Litinin, da safe

Ba ya yi mini magana. In yana son abu sai ya buga wa Yaya waya, Yaya ya bugo mini daga wurin aiki. "Wai a ce miki shayin ba sukari." Muna gida ɗaya, bango ne kawai tsakaninmu.

Hoton Mama ya koma bango. Ban san yadda ya rataye shi ba.

Laraba, da hantsi

Mai gashi ya zo. Baba ya ce a bar ƙwallon, a kai shi sito. Ya sa an sayo sabon bokiti da tiyo da soso da raga, ya zauna yana naɗe na hagu da salatif, yana riƙewa da hannun dama yana yankewa da haƙori. Kayan suna suɓucewa yana tsaki yana sakewa. Na matso in riƙe masa, ya janye bokitin. Mai gashi ya ce wannan ya fi ƙwallo, a bar shi.

Mijin Malama ya mutu. Baba da kansa ya tsame shi, da jar raga.

Juma'a, da yamma

Malama ta ci abinci. Ina bakin ƙofa na ga ya sa yatsa a ruwan ya bar shi. Ta fito daga bututu ta zagaya, ta kai masa cizo. Ya ce, "Yawwa, Malama." Ya san ina tsaye, bai juyo ba.

Na kira yarinyar nan ta wurin aiki, wadda na sa kuka. Ta yi mamaki, ta zaci wani laifin ta sake yi. Na tambayi lafiyarta kawai, na kasa ƙarasawa.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Na shiga kicin in haɗa shayi, na tarar da kofina a gefe shi kaɗai, nesa da sauran. An naɗe masa hannu da jan salatif. Naɗin a karkace yake, ya tattare a wuri biyu, ga shaidar haƙori a ƙarshensa.

Na ɗauka na fito falo. Yana kujerarsa, an juyo ta tana kallon tankin da ba kifi, yana nazarin inda kowane dutse zai koma.

Na ce, "Har yaushe, Baba?"

Bai kalle ni ba. Amma ni ya amsa wa, ba Yaya ba.

"Sai na ga ba ɗigo."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa na sha shayina. Salatif ɗin yana manne mini a yatsa. Ban ɓare ba.